Tasalla Mai Tukwane da Motar Riruwai

Sau ɗaya tak aka taɓa kayar da Tasalla mai tukwane a faɗa a Ƙafin Maiyaki, shi ma jaki ne ya jawo mata.

Ta shanya ɗanyun tukwane a bayan gida, aikin kwana huɗu, ta shiga ciki ta dama fura. Kafin ta fito wani jaki ya ratsa ta tsakiyarsu, ya tattake waɗanda ya tattake, sauran kuma ya kwanta ya yi birgima a kansu. Ta san jakin sarai, mai yankakken kunne. Na Ubale ne, ɗan kawunta, taubashinta, wanda tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da an tsokani juna ba. Ta zarga wa jakin igiya, ta ja shi har ƙofar gidan Ubale, ta gyara tsayuwa ta buɗe baki.

Ubale yana zaune a dakali yana gyaran ƙotar fartanya, bai ko ɗago ba. Ta fara da jakin, ta gama da shi. Ta koma kan mai jakin, ta wanke shi tas. Mutane suka taru, har masu zuwa gona suka ajiye kayan aiki. Da ta ga an cika, sai ta ƙara gaba.

"Kuma uwar da ta haifi mai jakin nan, da ta iya tarbiyya, da ta koya masa ɗaure dabba! Mace ce ta surutu kawai, ba ta san abin da take yi ba!"

Sai a nan Ubale ya ɗago. "Yawwa, Tasalla. Batun uwar nan, ƙara. Tun da nake da ke ban taɓa jin kin faɗi gaskiya irin ta yau ba."

Ta ƙara kuwa, har da kwatance. Ya bari sai da ta numfasa, sannan ya ce, "Jiya da la'asar na sayar da jakin nan. Ga mai shi can tafe."

Ta waiwaya. Balarabe ne, ɗanta na fari, yana neman jakinsa.

To, macen kirki ta wancan zamani ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa magana, ba ta ko ɗaga ido ta dube shi a gaban mutane. Kunya ce, kuma Tasalla ta riƙe ta fiye da kowa a garin. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ga Inna, kakarsa ta wajen uba, sunansa a bakinta ya zama "ɗan Inna". Ko ranar Laraba da aka haife shi ba ta ambata, sai dai ta ce ranar da ke bin Talata. Don haka ta saki igiyar, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya. Ubale yana ƙwala mata kira daga baya, wai ta dawo, ba ta gama da uwar ba.

Ban da wannan rana, babu wanda ya taɓa jin bakinta ya mutu. A Badafi aka haife ta, a gidan magina, ta koyi ginin tukwane a hannun kakarta tun ba ta iya ɗaura zane da kyau ba. Aka kawo ta Ƙafin Maiyaki wurin wani bawan Allah mai haƙuri, wanda magana uku yake yi a yini, biyu daga ciki "to" ne. Wasu suka ce Allah ne ya haɗa su don kada surutu ya yi wa gida ɗaya yawa. Ta haihu tara, biyar suka rayu. Mijin ya rasu kamar yadda ya rayu, ba tare da ya tayar wa kowa da hankali ba.

Randar Tasalla kuwa, in ka sha ruwanta da tsakar rana sai haƙoranka sun amsa. Ta san haka, shi ya sa ba ta lallashin mai saye. In mutum ya daɗe yana ƙwanƙwasa tukunya yana kara kunne, sai ta ce, "Malam, in kiɗa kake so, ga makaɗa can gindin tsamiya." In mace ta ce ta ga irinta a wani wuri, sai ta ce ta hanzarta ta koma kada a saye. Kuma ba ta san komai a duniya ba kamar ƙasa. Ka kawo mata laka a tafin hannu, za ta murza, ta shinshina, ta ɗan taɓa a haƙori, ta gaya maka ta kududdufi ce ko ta rafi, ta gefen ruwa ce ko ta ƙasan ruwa.

Sirrin tukwanenta yumɓu ne na wani rami a gefen fadamar mijinta. Shekara arba'in tana haƙa a nan. Ta gwada yumɓun wurare da dama, wani ya tsage a wuta, wani ya riƙa tsiyaya, babu kamarsa. Da mijin ya rasu fadamar ta faɗa rabon Balarabe, ramin kuma ya ci gaba da zama nata ba tare da an yi magana ba. Da ma ina za a yi maganar?

A kakar 1956 ciwon mota ya kama Balarabe. Shi mai jakai ne, yana kai wa mutane gyaɗa wurin awo. Yana tafe a bayan jakansa sai babbar mota ta wuce shi da kayan da zai yi mako yana jigila, direba ya leƙo ya ɗaga masa hannu kamar mai yi masa jaje. Tun yana kau da kai har ya fara tsayawa yana bin motar da kallo. Ana cikin haka sai Mamman dillali, mutum mai babbar riga da taushin murya, ya ce akwai wata mota a Riruwai, ta wani ɗan kwangila mai jigilar kuza, za a rabu da ita don mai ita zai koma garinsu. Jakan Balarabe duka ba su isa ba. Amma akwai wani mai noman rake da ya daɗe yana zawarcin fadamar, kuma ya faɗa a fili cewa ranar da ta zama tasa zai cike ramin, don ba zai bari mata su riƙa ratsa masa rake da kwanduna ba.

Ubale ne ya kawo mata labari, yana murmushi kamar ya zo da goron biki.

"Ka je ka gaya wa ɗan Inna ramin nan shi ne cina, shi ne shana," in ji ta.

"Ke ba ki da baki? Na ji ana cewa kina da shi."

"Ubale, zan fasa maka tulun nan a ka."

Ya je, ya dawo da amsa: wai in mota ta samu, za a riƙa ɗebo mata yumɓu daga ko'ina take so, har daga Zariya. Ga ɗa mai kirki, ga amsa ta ladabi, ga kuma rashin sanin abin da yake faɗa. An kuma riga an tsayar da rana: ranar kasuwa za a kawo mota, in ta yi, nan take a yi sallama, fadama ta tafi ga mai rake, mota ta zo ga Balarabe.

Ranar kasuwa da hantsi mota ta shigo tana ƙara, aka tsayar da ita kusa da layin masu tukwane, don nan ne ke da fili. Kai, ta sha fenti! Kore shar, da jan layi a gefe, kujera an yi mata sabuwar rigar fata. Maza suka yanyame ta. Balarabe ya zo da direban da ya ɗauka, Hamidu, tsohon soja wanda ya ce ya tuƙa mota a yaƙin Bama, can ƙetaren teku, a cikin dajin da ko biri ba ya shiga. Hamidu ya yi wata biyar ba aiki, saboda haka tun daga nesa ya ga motar ba ta da aibu.

Aka shiga dubawa irin ta maza. Wannan ya harbi taya da ƙafa ya gyaɗa kai. Wancan ya shafa fenti ya duba tafin hannunsa. Hamidu ya murɗa ƙarfen gaba inji ya tashi, ya karkata kai yana saurare ido rufe, ya ce muryarta ƙalau. Aka danna ƙaho har sau bakwai, kowane bugu sai an yi kabbara. Wani dattijo mai sayar da dawaki ya zagaya ta gaba yana neman inda zai duba haƙora, bai samu ba, ya ce shi dai ga alama ba ta tsufa ba.

Duk a tsaye suke yi. Tasalla kuwa a zaune take a ƙasa cikin tukwanenta, saboda haka abin da ke gabanta shi ne cikin motar ta ƙasa, inda mai fenti bai ga dalilin wahalar da kansa ba. Ta daɗe tana kallo. Can ta miƙe, ta kakkaɓe zane, ta nufi motar.

"Sannu da zuwa, baƙuwa," ta ce da motar. "An sha hanya. Bari in ga ko za ki iya kai mini randa Kano ba ki fasa ba."

Aka yi dariya, aka ba ta hanya. Balarabe ya sunkuyar da kai ya matsa gefe. Ta durƙusa, ta zura hannu cikin kwarmin dogon ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, ta ɓanɓaro wani abu kamar ɓawon ƙosai. Ta murza, ta shinshina, ta taɓa a haƙori.

"Ubale, zo nan. Tambayar mini masu sayen mota, daga Riruwai zuwa nan, wace irin ƙasa ce a hanya?"

Ubale ya juya ga Balarabe, wanda ke tsaye taku uku daga wurin kuma ya ji komai. "Wai ana tambaya, wace irin ƙasa ce a hanya?"

"Ja ce, Kawu," in ji Balarabe, idonsa a ƙasa.

"Wai ja ce," in ji Ubale.

"To wannan toka-toka ce. Kuma laushinta kamar garin alkama, babu tsakuwa ko ɗaya."

Mamman dillali ya matso yana murmushi. "Haba Iya, mota ai a laka take yawo. Damina ta wuce ba da daɗewa ba. Fantsama ce."

"Mamman, ɗan albarka, lakar da taya ta fantsama daga ƙasa take zuwa, ta manne a ƙarƙashi, guda-guda, da tsakuwarta. Wannan a bisa ƙarfe take kwance, shimfiɗe lif, hawa-hawa, kamar abin da ke taruwa a gindin randa in an bar ruwan rafi ya kwanta. Laka ba ta kwanciya haka sai ruwa ya tsaya a kanta ya huta. Ga kuma baƙin yashi a ciki yana ƙyalli, na wajen masu wankin kuza. Ubale, gaya wa masu saye baƙuwarsu ta yi zaman kogi."

"Wai ta yi zaman kogi," in ji Ubale, yana jin daɗin aikinsa.

"Kowace mota tana ƙetare rafi," in ji Mamman. "Gada nawa ce a hanyar? Ko ba haka ba, Hamidu?"

"Haka ne," in ji Hamidu. "Mu a Bama har kogi muke shiga da su."

"Kuna kwana a ciki?" in ji Tasalla. Ba ta jira amsa ba, ta zagaya gaba, ta sa bakin mayafi ta goge gilashin fitilar motar. "Zo ka duba da idon sojanka. Wannan layin na mene ne?"

Hamidu ya sunkuya. A cikin gilashin, ta ciki inda hannu ba ya kaiwa, akwai wani siririn layi mai ruwan ƙasa, a miƙe sambal, kusa da sama. Ɗaya fitilar ma haka, sai dai nata ya ɗan fi ƙasa.

"Irin zoben da ruwa ke bari a cikin tulu ne," in ji ta. "Nan ya tsaya. Kuma a karkace take kwance, wannan gefen ya fi nutsewa. Fitilar nan ta kai ƙirjinka, Hamidu. In kana ƙetare rafi ruwa ya kai nan, kai kana ina?"

Kasuwa ta fara barin ciniki tana matsowa. Mai rake, wanda ya zo da shaidunsa biyu, ya fara gyaran hula ba dalili.

Tasalla ta ce a ɗora ta a kan motar. Ubale ya tallafa mata ta hau gaban motar, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Ta zauna a kujerar direba ta dubi jama'a ta sama kamar mai shari'a, sannan ta sunkuya ta kafa hanci a ɗinkin sabuwar fatar.

"Fata sabuwa, wari tsoho. Warin jiƙaƙƙen zane da aka manta a cikin tukunya. Hamidu, ɗaga kujerar nan."

Hamidu ya dubi Balarabe. Balarabe ya ɗaga masa kai. Aka sauke ta, aka ɗaga kujera. Wayoyin ciki duk sun yi ja da tsatsa, audugar ta dunƙule ta yi baƙi, ƙusoshin da ke riƙe da katako suna marmashewa in an taɓa.

"Zufar direba ce," in ji Mamman, amma muryar ta ɗan rage taushi. "Ku duba baƙin mai mana! Ku duba ku gani in akwai ruwa."

Hamidu ya zaro tsinken awo daga inji ya nuna wa jama'a. Mai ne garau, sabo fil. Mamman ya buɗe hannuwa ya juya ga Balarabe. "Ka gani? Inji shi ne mota. Sauran duk zancen tukwane ne. Kai dai ka san damarka, wani na jira a Tudun Wada."

Balarabe ya dubi motar, ya dubi koren fentin. Kowa ya ga har yanzu zuciyarsa tana kanta. Da wata ce, da a nan za ta kama hannun ɗanta ta ce kada ka yi. Shekara arba'in ba ta ce masa ko sannu ba, ba kuwa a tsakiyar kasuwa za ta fara ba. Sai ta juya wa ɗanta baya, ta fuskanci motar.

"Wanda ya wanke kwano ya zuba sabuwar miya ai ya yi dabara," ta ce da motar. "Amma ke ba kwano ɗaya gare ki ba. Wancan tulun ƙarfen da ke tsakanin ƙafafunki na baya, me ake ajiyewa a ciki?"

"Shi ma mai ne, Iya," in ji Hamidu.

"An tuna da shi?"

Hamidu dai soja ne, kuma ya fara tunanin wa za a kama in motar ta mutu a daji da gyaɗar mutane. Ya ɗauko sifana ya kwanta a ƙasa. Tasalla ta tura masa kasko sabo daga cikin kayanta. Ya kwance murfin. Abin da ya fara zubowa ruwa ne tsagwaro, sannan wani abu fari-fari mai kauri ya biyo, kamar kunun gyaɗa da ya kwana.

Hamidu ya fito yana goge hannu, yanzu kuma shi ya fi kowa zafi. Ya shiga bincike kamar an aiko shi, ya buɗe nan ya leƙa can. Ya zura hannu a wani lungu bayan kujera inda ake cusa tsummoki, ya lalubo, ya tsaya, ya fito da hannun a hankali. Ɗan kifi ne, tsawon yatsa, ya bushe ƙayau, bakinsa a buɗe.

Kasuwa ta ɗauka da dariya gaba ɗaya. Ubale ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki.

Balarabe bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon kifin, sannan ya juya ga Ubale. "Kawu, a ba mai rake haƙuri, ya nemi wata fadamar." Ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "A kuma gaya wa masu tukwane raminsu yana nan."

Ubale ya share hawaye ya juya. "Wai a gaya wa masu tukwane..."

"Masu tukwane ba kurame ba ne," in ji Tasalla. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta koma cikin kayanta ta zauna, ta shiga jera tulunan da tun safe a jere suke.

Mamman dillali kuwa bai yarda an gama ba, don yana da sauran kasuwanni a gaba kuma labari yana da ƙafa. Ya biyo ta har layin tukwane, jama'a na biye da shi, ya tsaya a kanta yana rantse-rantse. Motar nan ba ta taɓa kwana a ruwa ba. Mai ita mutum ne mai tsabta, ya yi aiki da Turawa. Kullum sai an kai ta bakin rafi an wanke ta da bokiti, ciki da waje, safe da yamma. Ruwan wanki ne ya shiga fitila, ruwan wanki ne ya jiƙa kujera, ruwan wanki ne ya gangara cikin mai. Laifin motar ɗaya ne, wanka ya yi mata yawa.

Tasalla ta bari ya kai aya. Sannan ta ɗago ta dube shi daga hula har takalmi.

"Mamman, shekara sittin ina wanka, har da na jego sau tara, safe da yamma. Ba a taɓa ciro kifi a jikina ba."